Kalmasa Huɗu a Rigar Makaranta

Ba don son boko aka kai ni makaranta ba, kada ma wani ya yi mini wannan kwalliyar. Zamanin Turawa ne, aka aiko wa dagacinmu cewa ana son yara daga ƙasarsa, shi kuwa ya duba gidajen da ba su da bakin magana ya tsinto mu ɗaya bayan ɗaya. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a bayan Zoza, in ka tsaya a bakin rijiya kana ganin rumbunan garin gaba ɗaya. Namu ne yake fara ƙarewa kowace shekara. Ni ne ɗan fari a gidan, sai ƙannena mata biyu.

Makarantar tana wani gari a kan hanyar Karaye. Nisan ya fi ƙarfin a je a dawo kullum, don haka aka ajiye ni a gidan gwaggona, yayar Baba, da ke aure a can. Ranar da aka karɓe mu, babban malami ya tara iyayenmu a gindin bishiya ya ce karatu kyauta ne, allo kyauta, alli kyauta. Abu ɗaya kawai ake nema a wurinsu, farar riga da farin wando da jar hula, kowane uba ya yi wa ɗansa. Ya ba su zuwa bayan kaka.

Abu ɗaya kawai! Da yake baki ne ya faɗa, ai da sauƙi. A ƙauyenmu yaro kamata bante ne suturarsa, in ana sanyi ya lulluɓa da tsohon zanen uwarsa. Baba kansa rigarsa ɗaya ce tak, ita ce ta Juma'a, ita ce ta Salla, ita ce ta zaman makoki. Kuɗi kuwa sau ɗaya suke shigowa gidanmu a shekara, ranar da aka kai gyaɗa sikeli, kuma ba sa kwana, haraji yana tsaye a ƙofa yana jiransu.

Sauran mazan garin suna da wata hanya. Da an gama girbi sai su ɗaura kaya su tafi cin rani, wasu birni, wasu kudu, wasu haƙar kuza can wajen Jos, su dawo da ɗan abin da ya samu kafin ruwa ya sauka. Baba bai taɓa zuwa ba. Yana da ciwon ƙirji tun yana saurayi, in sanyi ya shigo kana jin numfashinsa daga bayan danga. Shi rani a bakin zaure yake cinye shi, cikin hantsi, yana facin rigunan mutane da tufkar igiya, a ba shi ɗan mudun dawa. Babban tsoron Inna a duniya shi ne ranar da neman kuɗi zai ɗora shi a kan hanya. Ba ta ɓoye wannan ba. Ranar da ya dawo da maganar riga, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Maigida, duk abin da za mu ci mu ci shi a nan, ko kanzo ne. Ƙirjin nan naka ba na hanya ba ne. Rigar kuwa ka bar ni da ita."

Muna da ɗan layin auduga a gefen gona. Inna ta tsince ta tas, ta bi gonakin maƙwabta ta yi kala, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna kaɗi. In na zo hutu, duk inda na gan ta mazari na hannunta. Tana jiran tukunya ta tafasa tana kaɗi, ana hira a tsakar gida tana kaɗi, ƙanwata ƙarama tana bayanta tana kuka ita tana kaɗi. Kuma ba abawa take yi ba, zaren nan mai kauri da ake yi a gurguje. Siriri take ja, irin wanda masaƙa ke rububi. Yatsunta biyu suka tsage, ta riƙa shafa musu man kaɗe tana ci gaba. Masaƙin garinmu ya karɓi ladansa a zare, ya miƙo mana farin saƙi, ko anini bai fita daga gidanmu ba.

Dabarar da ta biyo baya ita ce abin da har yau in na tuna sai na yi dariya, amma dariyar ba ta daɗewa. An ce mana karatun shekara huɗu ne. Inna ta ce ba za ta iya wannan kaɗin sau huɗu ba, kuma ba za ta yarda a kai ga saye ba. Don haka a yanka rigar daidai da saurayin da zan zama a shekarar ƙarshe, sannan a kalmashe rarar a ciki. Baba ya zauna da allurarsa ya yi kalmasa huɗu a ƙasan rigar, ɗaya a kan ɗaya, ya naɗe faɗin a gefe da gefe, ya tattare kafaɗa. Duk shekara a farke ɗaya, riga ta sauko, ta buɗe. Wandon ma haka aka yi masa. Jar hula kuwa Kawu, ƙanen Inna, ya ba da tsohuwar dararsa aka rage mata baki.

Da na sa ta, sai na ji kamar an ɗora mini kaya. Ƙasanta ya yi tauri, in ina gudu tana dukan gwiwata. Yara suka sa mini buhun gyaɗa, har malamin ajinmu sai da ya juya baya ya yi dariya. Ko a jikina. Da safe in an jera mu a fili kowa yana karkarwa, ni a cikin buhuna ɗumi nake ji, in waiga in ce musu, "Ina masu dariyar?" Babban malaminmu na lokacin dattijo ne mai sauƙin kai. Ya ɗaga ƙasan rigar ya duba, ya girgiza kai, ya ce fara dai ce, ya wuce.

Ba mu cinye wannan shekarar ba aka canza shi, aka kawo wani matashi. Yanzu da na tsufa na gane ba mugu ba ne, matsoraci ne. Baturen makarantu zai zo rangadi, shi kuwa yana so a ga yaransa a jere kamar an zuba su a ma'auni ɗaya. Amma fa gane wannan bai sa na yafe abin da ya yi ba, kada in yi ƙarya. Ya samo wata sanda ya ce ita ce tsawon riga. Ya sa aka ɗauko tela da kekensa daga kasuwa, aka zaunar da shi a barandar makaranta. Duk wanda rigarsa ta saɓa, ya tuɓe ya miƙa.

Tawa ba ta wuce sandar ba, kaurin kalmasar ne ya tsaya masa a rai. Ya kama ƙasanta da yatsa biyu ya ce, "Wannan kuma mene ne, riga ko katifa?"

Na durƙusa na ce, "Malam, ta shekara huɗu ce. Duk shekara za a farke ɗaya."

Fili ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ce a makaranta ba a sa rigar baɗi a bana, in tuɓe. Na riƙe wuyan rigar da hannu biyu ina roƙo, ina cewa Inna ce ta kaɗa, Baba ne ya ɗinka, a bari in kai gida a tambaye su. Manyan yara biyu suka zare ta ta kaina. Ina tsaye daga ni sai bante, tela ya farke kalmasar duka, rigar ta zubo har ƙasa, ya ɗora sandar ya bi da almakashi. Ya rage faɗin, ya rage kafaɗar, ya datse wandon, ya bi da keke. Kafin a tashi an miƙo mini 'yar riga tsaf-tsaf daidai jikina na wannan ranar.

Na je in kwashe ƙyallayen da suka zuba, aka ce in bar su, za su yi amfani. Suka kuwa yi amfani. Aka rarraba su aji-aji ana goge allo da su. Kullum ina zaune ina kallon zaren Inna a hannun wani yaro yana dirzar baƙin allo, har ya yi dauɗa aka jefar. Bature ya zo, ya zaga, ya gyaɗa kai, ya hau motarsa. Ban ga ya dubi rigar kowa ba.

Da na koma gida hutu, Inna tana bakin murhu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta miƙo hannu ta juya bakin rigar, ta ga layin keke siriri. Ba ta tambaye ni kai tsaye ba. Ni ɗan fari ne, a al'adarmu uwa da uba suna kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa jan hira da shi a gaban mutane. Ƙanwata ta kalla ta ce, "Tambaye shi ina sauran."

Na ce suna goge allo da shi.

Ta zauna a kan turmi, ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Allah ya isa." Sau ɗaya ta faɗa, a hankali. Baba yana bakin ƙofa, ya ce, "Ke, hukuma ce. Yi shiru." Amma ranar bai taɓa tuwonsa ba.

Ni kuma, kamar da gayya, sai na tashi tsawo. Wallahi har addu'a na riƙa yi kada in girma, in an zuba tuwo a gidan Gwaggo in ci kaɗan in tsame hannu, duk a banza. Kafin kaka ta zagayo rigar ta haye cibiya, hammata ta yage, wandon ya ƙi wuce cinya. Inna ta sake ɗaukar mazari, sai ga sabuwar doka daga makaranta cewa an daina karɓar saƙi, sai farin yadin kanti, alawayyo, don kowa ya zama iri ɗaya. Yadin kanti kuwa ba a biyansa da zare. Ta kai zaren da ta tara kasuwar Rogo, abin da aka taya bai isa hannun riga ba. Gyaɗa ba ta yi kyau a shekarar ba, haraji ya cinye ta, ya haɗa da akuyar Inna.

Aka koro ni gida, aka ce kada in dawo sai da riga. Ni dai farin ciki na yi, na ɗauka an rabu ke nan, in kama fartanya kamar kowa. Ina! Ba a daɗe ba sai ga yaron dagaci da sanda, wai an aiko daga wurin hakimi cewa yaron ƙasarsa ya gudu daga makaranta. Aka tafi da Baba. Aka zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci tun hantsi har la'asar, mutane suna wucewa suna kallonsa, shi da ko akuyar wani bai taɓa kora da dutse ba. Ka ji irin tsakiyar da aka sa talaka. Ba shi da ikon cire ɗansa, ba shi da ikon mayar da shi ba riga, kuma babu wanda ya tambaye shi inda zai samo ta.

Abin da ya rage a rumbu irin gyaɗa ne da 'yar dawar da za ta kai mu damina da ƙyar. Inna ta ce a sayar da irin. Baba ya ce in an sayar, me za a shuka, me yaran nan mata za su ci baɗi? Ta ce Allah zai kawo. Ya ce Allah ya riga ya kawo, ga Kawu nan zai tafi haƙar kuza da mutanen ƙauyen Fulatan, zai bi su. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Ta ce, "Saboda riga? Maigida, saboda riga za ka kai ƙirjin nan ƙasar sanyi? Su zo su ɗaure ni, ni na haife shi!" Ya bar ta ta gama, ya ce, "Ba zan sake zama a ranar nan ba." Daga nan ya tashi ya fita.

Kafin ya tafi ya yanko ƙasan rigarsa ta Juma'a ya ƙara wa tawa tsawo, ya toshe hammatar. Dagaci ya sa baki aka yarda in koma da ita haka, in zauna a bencin baya, zuwa dawowar 'yan cin rani. Da safen da za su kama hanya ya tsayar da ni a jikin bangon zaure, ya ɗauko karan dawa ya gwada daga kafaɗata zuwa gwiwa, ya karya, don ya san yawan yadin da zai saya. Ina ta motsi, sai ya ɗora tafinsa a kaina ya ce, "Tsaya mana." Iya sanina wannan ne kaɗai lokacin da hannunsa ya zauna a kaina. Ya soke karan a cikin kayansa, ya ce wa Inna a riƙa duba jinkar rumbu saboda gara, suka tafi.

Wannan rani ya yi mini tsawo. A bencin baya nake, da riga mai launi biyu, sama ta yi ja don tsufa, ƙasa kuwa rigar Baba ce. In an yi baƙo a makaranta sai a aike ni ɗebo ruwa har ya tafi. Duk wanda ya zo daga wajen ƙauyenmu sai na bi shi da tambaya ko an ji labarin masu kuza. Sau ɗaya aka ce sun aiko suna lafiya.

Ina gida hutu aka fara hadari, 'yan cin rani suka fara dawowa. Wata rana da la'asar Inna tana daka, muka ji sallamar Kawu. Ya shigo shi kaɗai. A kafaɗarsa akwai jakar Baba, a hammatarsa wani ƙunshi. Inna ta dubi jakar, ta dubi bayansa, taɓaryar ta suɓuce daga hannunta. Kawu ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita, ta maimaita, ƙannena suka fashe da kuka don sun ga tana yi, ba don sun gane ba.

Sai da aka share makoki, mutane suka ragu, sannan Kawu ya kwance ƙunshin a gabanmu. Farin alawayyo ne sabo fil, da ƙamshin kanti a jikinsa. Ya ba mu labari yana kallon ƙasa. Ya ce aikin ɗaukar ƙasa ne a kwano, a kai bakin ruwa, ƙafa a cikin ruwan sanyi tun safe. Tun makon farko tari ya kama Baba. Da kuɗin da ya tara suka kai, Kawu ya roƙe shi ya sayi bargo tukuna, yadi ya biyo baya. Ya ƙi. Ya tafi kanti da karansa, ya sa aka auna, ya dawo ya sa yadin a ƙarƙashin kansa. Ya ce sauran aikin da zai yi na guzurin komawa ne. Bai daɗe ba ya kwanta.

Kawu ya ce da jikin ya yi tsanani, Baba ya lura mutanen ɗakin suna satar kallon yadin. Ba da mugunta ba. Baƙi ne a ƙasar da ba tasu ba, babu mai ko sisi, ga mutum yana shirin tafiya, ga farin yadi sabo a ƙarƙashin kansa, kowa ya san abin da za a yi da shi. Sai ya kira Kawu ya kama hannunsa ya ce, "Amana na ba ka. Kada ku sa mini yadin nan. Na yaron nan ne. In kuka sa mini shi, tafiyar banza na yi."

"Yaya, na so in karya amanar nan," in ji Kawu, yana share fuska da hularsa. "Wallahi na so. Amma ya sa na rantse." Wani ya ba da tsohon rawaninsa, wani ya ba da mayafinsa, suka wanke, suka harhaɗa da allurar Baba. Da ƙyar ya rufe shi. A cikin wannan aka binne mahaifina, a tudun da ban taɓa gani ba har yau.

Na ce ba zan sa ba. Na faɗa da ƙarfi, na ce a kai wa liman, a yi sadaka da shi, a ƙone shi ma in an ga dama. Inna tana cikin takaba, a zaune a kan tabarma, fuskarta a lulluɓe. Ta yaye mayafin ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Za ka sa. Ya kwanta a tsumma don ka sa, kai kuma ka ce me?"  Kawu ya kai yadin wurin tela a Rogo, aka ɗinka shi yadda makaranta take so.

Ranar da aka koma, aka jera mu a fili ana duba tsabta. Rigar tana ƙaiƙayi a jikina, ina jin kamar in yage ta in ruga. Labarin rasuwar bai kai makaranta ba, mutuwar talakan ƙauye ba ta tafiya nesa. Babban malami yana bin layi da sandarsa, ya zo kaina ya tsaya. Ya murza hannun rigar, ya gwada tsawonta, fuskarsa ta washe. Ya kamo ni ya fito da ni gaban fili, ya juya ni kowa ya gani.

Ya ce, "Ku dubi wannan da kyau. Wannan ne na bencin baya, wanda muke ɓoyewa in an yi baƙo. Ubansa talaka ne, kowa ya sani, amma ya ji magana ya yi abin da aka ce. Ku je ku gaya wa iyayenku, in uban wannan ya iya, babu wanda zai ce mini ba zai iya ba. Ku tafa masa."

Suka tafa. Makaranta guda tana tafi, ni ina tsaye a tsakiya cikin farin yadin nan, hawaye yana zuba, suna tsammanin na murna ne. Malam ya dafa kafaɗata ya ce daga yau in koma bencin gaba. Ya ce, "In ka je gida ka gaishe mini da babanka, ka ce na yaba masa."

 Na durƙusa kamar yadda aka koya mana, na ce, "Zai ji, Malam."